Kafin allura ta shiga jijiya: masu karanta abin da ke cikin bairos ɗin magani

A watan Mayun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani magani mai suna Zolgensma. Na jarirai ne masu ciwon gadon nan da likitoci ke kira SMA, wanda ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka, har yaro ya kasa ɗaga kai, ya kasa haɗiya, daga bisani numfashi ma ya gagare shi. Nau'insa mafi tsanani ba kasafai yake barin yaro ya kai shekara biyu ba. Sau ɗaya tak ake ba da maganin, ƙarin ruwa ne na kimanin awa guda, kuɗinsa kuwa ya haura dala miliyan 2. Duniya ta yi ta ce-ce-ku-ce a kan tsadar, amma mutane kaɗan ne suka tsaya tambayar abin da ke cikin kwalbar.

Abin da ke ciki ba sinadari ba ne irin farasitamol, wanda kowane ɗigonsa daidai yake da ɗan'uwansa. Bairos ne, sunansa AAV. An kwashe ƙwayoyin gadonsa na asali an bar ƙwanson, an zuba masa lafiyayyen kwafin ƙwayar gadon SMN1 da yaron ya rasa, sannan aka tura shi cikin jini a matsayin ɗan aike. Da nauyin jiki ake auna maganin, kwafi tiriliyan 110 a kan kowane kilo. Jariri mai kilo biyar ke nan zai karɓi tiriliyan 550 a zama ɗaya. Idan a cikin kowane ɗari aka samu ɗan aike guda da ya ɗauko wani abu dabam, to abin da ba a yi niyya ba da zai shiga jikin jaririn ya haura tiriliyan biyar.

Da zarar ya shiga kuma, bakin alƙalami ya bushe. Ƙwayar magani in ta ɓata wa mutum ciki sai ya daina sha, kwana biyu jiki ya fitar da ita. Wannan kuwa babu daina shansa, babu tsamo shi. Ga shi jiki yana ƙera garkuwa a kan ƙwanson, ta yadda ba a iya maimaita allurar da bairos iri ɗaya. Duk wata tantancewa da za a yi, kafin a huda jijiya ake yin ta. Babban makamin masu wannan aiki a yau shi ne karanta jerin haruffan DNA ɗin da ke cikin ƙwanson, harafi bayan harafi.

Ta ina baƙo ke shiga

Shi kansa AAV a matsayin gurɓata aka fara ganinsa, a 1965, lokacin da masu bincike a Amurka suka hango wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi a cikin samfurin wani bairos ɗin dabam, adenobairos. Ƙarami ne sosai. Abin da ƙwansonsa ke iya ɗauka bai wuce haruffa 4,700 ba, a zare ɗaya, kuma kowane bakin zaren yana da wani jeri mai haruffa 145 da ke lanƙwashewa ya manne da kansa. ITR ake kiran waɗannan bakuna biyu. Su ne shaidar da injin shirya kaya na bairos ke dubawa: duk abin da ya zo da wannan shaida, cikin ƙwanso zai tafi. Masu haɗa magani su kaɗai suke bari daga ainihin bairos ɗin, su sa saƙonsu a tsakani.

Ba a ƙera bairos da injin ƙarfe. Rayayyun sel ake sa wa su ƙera shi, a cikin manyan tankuna. Hanyar da aka fi bi ita ce ta sel ɗin ɗan Adam da ake kira HEK293, waɗanda aka fara rainonsu a birnin Laidin na ƙasar Holan a 1973. Ana cusa musu wasu zobban DNA guda uku, filasmid, waɗanda aka hayayyafa a cikin bakteriya: ɗaya yana ɗauke da saƙon magani tsakanin bakunan ITR, na biyu da umarnin ƙera ƙwanso da kwafin zare, na uku da taimakon da aka aro daga adenobairos. Hanya ta biyu ta sel ɗin ƙwari ce, kuma manomanmu sun san mai su, domin daga jikin tsutsar nan mai cinye masara aka samo su, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016 ta bazu a Afirka. Da irin waɗannan sel ake ƙera Hemgenix, maganin ciwon rashin daskarewar jini da aka amince da shi a Nuwamban 2022 a kan dala miliyan 3.5.

A cikin wannan tanki mai cunkoso injin bairos yana kuskure. Wani lokaci maimakon ya kwafi abin da ke tsakanin bakunan biyu, sai ya juya baya ya kwaso gadon bayan filasmid ɗin, inda ƙwayar gadon bijire wa maganin kashe bakteriya take, irin su kanamaisin ko amfisilin. Wani lokaci ya tsinto guntun DNA na sel ɗin da ke masa aiki, alhali HEK293 tana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado na adenobairos, E1, waɗanda su ne suka sa take rarrabuwa ba tsayawa, kuma babu mai son su shiga hantar jariri. Akwai ƙwanson da ke fitowa da rabin saƙo, akwai wanda aka ɗinke masa rabin magani da rabin wani abu, akwai kuma fanko, wanda babu komai a cikinsa.

Kamfani yana wanke kayansa, ba shakka. Ana zuba wani sinadari mai narkar da duk DNA ɗin da ke yawo a ruwa, a tace, a sake tacewa. Sai dai abin da ya riga ya shige ƙwanso ya sami mafaka. Ƙwanson da ke kare saƙon magani daga narkewa shi ne ke kare baƙon. Tun a 2005 masu bincike a birnin Nant na Faransa suka nuna cewa guntayen DNA na bakteriya suna shiga ƙwanson AAV, kuma ana samun su a jikin dabbobin gwaji bayan an daɗe da yi musu allura.

Shekara da shekaru da gwajin PCR ake bibiyar waɗannan baƙi, kuma har gobe ana amfani da shi, don yana ƙirga abu da kyau ƙwarai. Lam'arsa ɗaya: sai abin da ka ambata masa yake nema. Kamar mai sayen buhun gero ne da ya san tsakuwa kawai, ya zura hannu yana lalube, bai ji tsakuwa ba ya ce buhu lafiya lau. Karanta DNA kuwa zazzage buhun ne a kan tabarma a dubi duk abin da ya fito, wanda aka zata da wanda ba a taɓa kawowa a rai ba.

Abubuwa biyu suka sa hukumomi suka ɗauki wannan bambanci da muhimmanci. A 2010 wata tawaga a San Faransisko ƙarƙashin Eric Delwart ta karanta duk DNA ɗin da ke cikin wasu alluran rigakafi da ake sayarwa, sai ga DNA na wani bairos na alade, PCV1, a cikin Rotarix, rigakafin gudawar yara. FDA ta dakatar da amfani da shi a watan Maris, ta bincika, ta ga bairos ɗin ba ya cutar da mutum, ta maido da shi a watan Mayu. Rigakafin ya ci gaba da ceton rayukan yara, amma darasin ya zauna: abin ya tsallake duk gwaje-gwajen da aka saba yi, saboda babu wanda ya tambaye shi. A 2014 kuma ɗakin binciken Arifa Khan a cikin FDA ɗin kanta ya gano wani sabon bairos zaune cikin sel ɗin ƙwarin nan, Sf9, waɗanda aka shafe shekaru ana aiki da su ana ɗauka tsarkakakku ne. A Nuwamban 2023 majalisar ICH, mai daidaita ƙa'idojin magunguna tsakanin Amurka da Turai da Japan da wasu ƙasashe, ta sabunta ƙa'idarta ta tsare magani daga baƙin bairos, ta yarda a yi amfani da wannan karatu a madadin tsofaffin gwaje-gwajen da ake yi a jikin ɓeraye da ƙwai.

Guntaye da dogon zare

Hanyar karatu ta farko da ta yaɗu ita ce ta Frederick Sanger, ta 1977. Tana da kyau, amma murya ɗaya take ji: idan samfuri na ɗauke da iri-iri, sai ta ba ka abin da ya fi rinjaye, 'yan tsirarun su ɓace. Injinan Illumina sun kawo sauyi, domin suna karanta miliyoyin guntaye a lokaci guda. A 2015 tawagar Nant ta fito da wata hanya bisa wannan fasaha, ta sa mata suna SSV-Seq, wadda ke nuna kason da ya zo daga magani, da wanda ya zo daga filasmid, da wanda ya zo daga sel. A karon farko aka sami cikakken lissafin abin da ke cikin kwalba.

Amma kafin Illumina ta karanta zare sai an daddatse shi zuwa guntaye masu haruffa ɗari da wani abu zuwa ɗari uku. Za ka san akwai DNA na ɗan Adam a cikin samfurin, ba za ka san ko shi kaɗai yake ba ko kuwa manne yake da bakin ITR. Bambancin babba ne. Guntun da ba shi da ITR yakan lalace a cikin sel, wanda ke manne da shi kuwa zai iya daɗewa kamar yadda saƙon magani ke daɗewa. Ga shi bakunan da kansu suna da wuyar karatu, saboda lanƙwasarsu tana tuntuɓe injin.

Nan dogon karatu ya shigo. Injin PacBio yana bin zare ɗaya daga farko har ƙarshe, ya zagaya ya maimaita har sai kuskuren karatu ya wanke. Na Oxford Nanopore kuma yana jan zaren ta wani ɗan mitsitsin rami, kowane rukunin haruffa da ya wuce ya sauya ƙarfin wutar lantarki, kwamfuta ta mai da wannan sauyin rubutu. Tun da gabaɗaya saƙon AAV bai kai haruffa dubu biyar ba, kowane ƙwanso ana iya ganin abin da ya ɗauko cur. A 2018 Phillip Tai da Guangping Gao na makarantar likitanci ta Jami'ar Masacuset suka wallafa abin da suka gani ta wannan hanya, har da zarurruka masu gauraye, rabi magani rabi DNA na sel. Ɗakin binciken nan ya kuma nuna cewa idan saƙon da aka tsara yana da wani gurbi mai lanƙwashewa a tsakiya, injin kwafi kan tsaya a nan ya juyo, sai kaso mai yawa na ƙwansunan ya fito da gajeren saƙo. Gwajin PCR da ke duba wuri ɗaya a farkon zaren zai ƙirga waɗannan duka a matsayin cikakku. Ma'ana, adadin da ke rubuce a jikin kwalba zai iya fin ainihin maganin da ke ciki.

A ganina nan ne karatun ya fi amfani, domin ba ya tsayawa ga kama laifi, yana nuna tushensa. Masu bincike a asibitin yara na St. Jude da ke Memfis sun bi sawun wasu baƙin jeri har zuwa wani gurbi da ake kira P5 a jikin filasmid na biyu, wanda injin bairos ke ɗauka kamar ɗan ƙaramin ITR ne, suka gyara tsarin, gurɓatar ta ragu. Wasu kuma sun tsawaita gadon bayan filasmid har ya fi ƙarfin ƙwanso, ko an juya baya ba zai shige ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa tsamin daga kayan farko yake: a 2024 kamfanin VectorBuilder ya ba da rahoton cewa kusan rabin filasmid ɗin da ɗakunan bincike na duniya suka aiko masa suna da kuskure, kuma bakunan ITR na cikin wuraren da suka fi lalacewa, don bakteriya kan ɓarar da wani sashe nasu yayin hayayyafa.

Ɗan aiken da ke tarewa

AAV galibi a gefe yake zama cikin sel, ba ya cika shiga jikin kuromosom. Akwai wani ɗan aiken da aikinsa shi ne ya shiga ya tare: lentibairos, wanda aka ƙera daga HIV bayan an cire masa duk abin da ke sa shi hayayyafa da cutarwa. Shi ne ya fi shafar mu, domin da shi aka haɗa Lyfgenia, ɗaya daga magungunan sikila biyu da FDA ta amince da su ranar 8 ga Disamban 2023. Ana ɗebo sel ɗin ɓargon majiyyaci, a sa musu bairos a ɗakin gwaji, a share tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, sannan a maido masa da sel ɗin da aka gyara. A nan tambaya biyu ce: me ɗan aike ya ɗauko, kuma a ina ya sauke?

An koyi tambaya ta biyun da hawaye. A shekarar 2000 likitocin asibitin Necker a Faris, Alain Fischer da Marina Cavazzana, suka ba da labarin warkar da jarirai masu ciwon rashin garkuwar jiki na gado ta amfani da wani tsohon nau'in bairos mai tarewa. Daga 2002 sai sankarar jini ta fara bayyana. Cikin yara 20 da aka yi wa magani a Faris da Landan, aƙalla biyar sun kamu a shekarun da suka biyo baya, ɗaya ya rasu. Da aka karanta DNA ɗinsu sai aka ga bairos ɗin ya sauka kusa da ƙwayoyin gadon da ke tunzura sel ya yi ta rarrabuwa, musamman LMO2, ya kunna su. Daga nan aka sake tsarin 'yan aiken, kuma FDA ta nemi a riƙa bibiyar duk wanda aka yi wa irin wannan magani har shekara 15.

Wannan karatu na wurin sauka shi ya warware wani babban tashin hankali a 2021. A watan Fabrairu kamfanin bluebird bio ya dakatar da gwajin maganin sikilarsa, wanda daga baya ya zama Lyfgenia, bayan wata majiyyaciya da aka yi wa magani shekara biyar da suka wuce ta kamu da sankarar jini. An sami bairos ɗin a cikin sel ɗin sankarar, hankali ya tashi. Da aka karanta sai aka ga a cikin ƙwayar gadon VAMP4 ya sauka, wadda ba a san ta da alaƙa da sankara ba, kuma sel ɗin suna ɗauke da wasu lahanin na dabam waɗanda aka san suna haddasa ta. A watan Yuni aka ci gaba da gwaji. Duk da haka Lyfgenia ya fito da gargaɗin sankarar jini a jikin takardarsa. Wani maganin na kamfanin, Skysona, na wata cutar ƙwaƙwalwa ta yara maza, bai tsira haka ba: a 2024 aka wallafa cewa bakwai daga cikin yara 67 sun kamu da sankarar jini, kuma karatun ya nuna bairos zaune a cikin ƙwayoyin gado irin su MECOM. Hanyar da ta wanke wancan ita ta kama wannan, kuma hakan ne ya sa ake yarda da shaidarta.

Abin da karatun ba ya gani

Bai kamata a kai shi inda Allah bai kai shi ba. Fankon ƙwanso ba shi da DNA, don haka injin karatu bai san da zamansa ba, alhali yana ƙara wa garkuwar jiki da hanta nauyi. Sai da wasu na'urori ake ƙirga shi. Karatun ba ya faɗin ko maganin zai yi aiki, sai an gwada a kan rayayyun sel. Yadda aka shirya samfuri ma yana iya karkata sakamako, domin gajerun zarurruka sun fi saurin shiga injin su yi kamar sun fi yawa. Mafi yawan mace-macen da aka samu a wannan fanni kuma ba gurɓata ce ta jawo su ba. Jesse Gelsinger, ɗan shekara 18 da ya rasu a Jami'ar Fensilbeniya a Satumban 1999, garkuwar jikinsa ce ta yi wa bairos ɗin da aka sa masa mummunan martani. Yara maza huɗu da suka rasu a 2020 da 2021 a gwajin maganin wata cutar tsoka ta gado, hanta ce ta gaza.

Babban giɓin da ya rage na hukunci ne. Tsohuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ragowar DNA na sel kada ya wuce nanogiram 10 a kowace allura, guntayen kuma kada su wuce haruffa 200. An tsara ta ne don alluran rigakafi da makamantansu. Maganin AAV mai yawan gaske yakan haura wannan iyaka, kuma guntun da ke cikin ƙwanso kan kai dubban haruffa. Injin zai ba ka jerin baƙi har da kason kowanne, amma nawa ne ya yi yawa, wane iri ne ba za a lamunta ba ko kaɗan, wannan har yanzu kowane magani da irin yarjejeniyar da kamfaninsa ya yi da hukuma.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa mu da maganin dala miliyan 3. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu amosanin jini, wato sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da iri. A Oktoban 2019 cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, da gidauniyar Gates suka yi alƙawarin dala miliyan 100 kowacce don samar da maganin gado na sikila da HIV mai araha, wanda za a iya kaiwa Afirka, kuma burin shi ne allura a jiki kai tsaye ba tare da dashen ɓargo ba. Ranar da irin wannan magani ya iso, ko daga Indiya ko Sin ko Amurka, rahusa za ta zo da matsin rage kuɗin tantancewa. Iyayen da suka gaji da kwana asibiti ba za su tsaya tambayar abin da ke cikin ƙwanso ba, kuma ba aikinsu ba ne.

Hannun da zai yi aikin ba baƙo ba ne a ƙasar. A 2018, lokacin ɓarkewar zazzaɓin Lassa, da ɗan ƙaramin injin Nanopore aka karanta samfuran marasa lafiya a asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo. A Maris ɗin 2020 cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Christian Happi, tare da abokan aikinta a Legas, ta fitar da jerin haruffan bairos ɗin korona na farko daga nahiyar Afirka. A 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsarin kula da magunguna na Najeriya, wanda NAFDAC ke jagoranta, a mataki na uku na ƙwarewa. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan biyun tun kafin kaya su iso tashar jiragen sama: NAFDAC ta shardanta wa duk mai neman rajistar irin wannan magani ya miƙa ɗanyen bayanan karatun kowane rukunin da ya ƙera, ba taƙaitaccen rahoto kawai ba, ta kuma horar da ma'aikatan da za su iya buɗe waɗannan bayanai, su ɗebi samfuri daga kwalba, su maimaita karatun a ɗakin gwaji na gida su gwada da abin da kamfani ya rubuta.